Lakar da Merv Ya Shinshina

Merv Triffitt ya shekara talatin yana nutso ƙarƙashin kejin kiwon kifi a tekun yammacin tsibirin Tasmaniya. Ni ke tuƙa masa jirgi, ni ke riƙe tiyon iskarsa. Ba shi da surutu. In ya fito, sai ya miƙo mini dunƙulen laka. In ruwan toka ce da tsutsa a ciki, wurin lafiya lau. In baƙa ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashin kifi ya fi ƙarfin ruwan.

Keji takwas gare mu. Kamfani na son sanin keji nawa mashigin tekun da muke kiwo a ciki zai ɗauka, sai aka turo mai awo, Dakta Hallam. Ta ce a kai ta inda muka ɗage wani keji watan jiya, ta ɗebi laka. Ran nan manaja ya ba Merv hutu, ya ja ni gefe ya ce in kai ta bakin mashigi, inda ruwa ke gudu yana wanke laka. Bai tsorata ni ba. So nake ya ce ina jin magana.

Da muka dawo, Merv na zaune a gaɓa da kofin shayinsa. Ya tsoma yatsa a bokitin lakarta, ya kai hanci, ya dube ni.

"Col, tsufa ne ko hanya ce ta ɓace maka?"

"Kai dai kare ya ari hancinka, tsoho," na ce.

A taron kamfani Merv ya miƙe ya ce takwas ma sun yi yawa. Aka yi masa dariya, har da ni. Takardar awon ta ce sha huɗu, ita aka bi.

Janairu ya zo da zafin bazarar ƙasar nan, ruwa ya kwanta, kifi suka riƙa tasowa suna haki. Mako uku Merv na nutso yana kwaso matattu. Masu bincike kan mutuwar kifin suka tambaye shi wa ya kai matar wurin awo. Ya ce ranar hutu yake.

Ni na je na faɗa musu inda na kai ta, bayan wata biyar, lokacin da faɗar ba za ta ta da kifi ko ɗaya ba.

Merv bai taɓa tayar da maganar ba. Kullum da safe yakan miƙo mini tiyon da yake numfashi da shi.

"Riƙe da kyau, Col. Wannan karon kada ka ɓata."