Ranar da Kaka ta danna harafin fa

Ni ban taɓa son maus ba. Ka ja shi nan, kibiyar ta tafi can. Tun da malaminmu na ma'ahadi, makarantar kwamfuta a Sinnar, ya nuna mana cewa Ctrl da harafi ɗaya sun isa, na daina taɓa shi. Hannun hagu ke yin aikin duka.

Shekarar da na gama sakandare aka haifa wa kawuna da ke Jidda ɗa namiji, ya aiko hoton ta imel. Kaka, mahaifiyarsa, ta ce ba ta yarda da labarin baki, sai ta gani da idonta. Muka hau hafla, motar haya, daga Mai Wurno, tana riƙe da kwanon tuwon dawa, wai na mai shago. Na ce mata shagon intanet ne, ba gidan suna ba. Ba ta ko kalle ni ba.

Da isarmu mai shagon ya ce mu hanzarta, ana gab da yanke kahraba, wato wutar lantarki, kuma janaretansa ya mutu. In ta tafi, sai gobe, Kaka kuwa ƙafarta ba ta tafiya biyu a mako.

Layin intanet ranar kamar an ɗaura masa dutse. Hoton ya riƙa saukowa daga sama kaɗan-kaɗan: hula, goshi, gira. Kaka ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"To ina sauran mijin nawa?"

"Yana hanya, Habboba," na ce, don haka muke kiran Kaka. "Ki matsa, kin tare min."

Da haɓa ta bayyana na sa ƙaramin yatsa kan Ctrl, zan danna S in adana shi. Sai na ji fas a bayan hannuna.

"Da hagu? Ɗan mutum ya taho tun daga Hijaz, ki karɓe shi da hagu? Wa ya rene ki?"

Marin ya ture yatsana sama, ya sauka kan W. Shafin ya rufe. Babu jariri, babu hula.

"Kin gani ko? Kin kore shi!" na ce.

"Ni? Fushi ya yi. Ko ni aka miƙo wa hagu, juyawa nike."

Fankar sama ta yi wani ƙugi, alamar kahraba na shirin tafiya, kowa ya ɗaga kai. Na san maganin: Ctrl da Shift da T suna maido shafin da aka rufe. Na kai hagu, ta ɗaga tafinta tana jira. Na koma dama, inda akwai wasu Ctrl da Shift ɗin, na danne su, amma T ta yi nisa. Na miƙe yatsu har suka yi zafi, ban kai ba.

"Yalla, kawo damarki," na ce. "Kin ga wancan maɓallin mai harafin fa a jiki?"

A maɓallin T harafin fa na Larabci yake. Bokon ba ta sani ba, amma baƙaƙen Larabci tun allo take tare da su. Ta leƙa, ta same shi, ta goge yatsa a tobin da ta lulluɓa da shi, ta yi bisimilla, ta danna kamar mai shuka iri a ƙasar da ta bushe.

Ya dawo, gaba ɗayansa. Na riƙe Ctrl, na buga alamar tarawa da dama, fuskar ta yi ta girma har ta cika gilashin.

Kaka ta ce, "Kunnen marigayi kakanku ne. Wallahi irin kunnen nan bai bar gidanmu ba." Ta rangaɗa guɗa, ɗaliban da ke gefe suka cire abin kunne suna dariya. Mai shagon ya buga mana hoton a takarda, bai daɗe da fitowa ba kahraba ta tafi. Mai shagon ya zauna cikin zafi ya cinye tuwon.

A hafla ta gaya wa kowa cewa na kori jikanta, ita ta maido shi da yatsa ɗaya. Na ce ni na riƙe maɓallai biyu.

"Riƙo dai," ta ce. "Dannawar fa?"