Tsohon Tela da Taken Thailand

A ofishin neman zama ɗan ƙasa a Bangkok, Dhanmaya na kallon wani tsoho ɗan Nepal irinta. Tef ɗin awo na leƙowa daga aljihunsa, da alama tela ne. Yana haddar taken Thailand da ya rubuta da haruffan garinsu, don sai ya rera za a karɓe shi.

Ya ce wa ɗansa da ke kusa da shi, "In na karɓi takardar zama ɗan ƙasarsu, Nepal za ta soke tawa. Gonata ta Gorkha fa?"

"Wace gona, Baba? Kawu ya sayar tun bara, kai kaɗai ba ka sani ba. Rera kawai, kana ba ni kunya."

Tsohon ya gyara tabarau, ya sake daga baitin farko.