Disket Ɗaya Tal

Jiya ina neman takardar haihuwar ɗiyata a ƙasan akwati, sai hannuna ya taɓo wani baƙin disket, irin faifan da muke ajiye rubutun kwamfuta a da. Nan take kakata ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta ajiye irin gero wuri guda. Rabi a tulu cikin ɗakinta, rabi wajen ƙanenta a Mirriya. Ko shekarar farin nan da muka koma cin tafasa, ba ta bari an taɓa shi ba.

A shekarar ce na zauna gabanta kwana uku, ɗakin na ƙamshin turaren wuta, tana jero mini kakanninmu tun daga Barno, ina rubutawa. Na buga su a kwamfutar wurin aikinmu, na yar da takardun. Hatsi ya yi tsada, sai na sayi disket mafi araha a bakin kasuwa, ɗaya tal, a cikinsa kaɗai na ajiye su.

Da na nuna mata, ta jujjuya shi ta ce, "Maigidana, duk mutanena suna cikin wannan? To ina na biyun?" Na yi dariya, na ce ɗaya ya isa.

Bayan sadakar arba'in ɗinta na saka shi a kwamfuta. Ya yi ta ƙara, ya ƙi buɗewa. Na zagaye Damagaram, babu wanda ya iya ceto ko layi ɗaya.

Geronta har yau ana shuka shi a Mirriya. Ni kuwa sunaye huɗu kawai na riƙe.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya sada ki da duk waɗanda na ɓatar.