Bajon Inabi na Eulaliya

Shekara arba'in Eulaliya Barragan ta yi tana tsinkar inabi a gonakin Delano. Ba ta iya karatu ba, Turanci kuwa ko na gaisuwa da ƙyar. Abin da take taƙama da shi a duniya biyu ne: mijinta marigayi Rufino bai taɓa karya dogon yajin aikin da masu tsinkar inabi suka yi ba, sai kuma wani bajo mai zanen inabi da ta tsinta a aljihunsa tana wanki, a shekara ta biyu ta yajin. Tun ranar ta maƙala shi a ƙirji, duk taron ƙungiyar ma'aikatan gona da shi take zuwa.

Ranar bikin tunawa da yajin, jikarta Marisela, wadda malamar makaranta ce, ta sunkuya za ta gyara mata shi, sai ta tsaya cak.

"Kaka, kin san abin da aka rubuta a nan?"

"Kar a sayi inabi, mana."

"Cewa aka yi, a ci inabi. Wannan ai na masu gona ne."

Eulaliya ta ce yarinya ta sake karantawa, ta sake. Ta juya bajon sama da ƙasa, ko rubutun zai canja ra'ayi. Kanta ya ɗaure tamau. To, me ya kai shi aljihun Rufino? Kuma duk masu karatun ƙungiya makafi ne?

Ta ratsa kujeru ta iske tsohuwar ƙawarta Chayo tana raba wake da wainar masara.

"Ke Chayo, kin san da wannan?"

"Sai yau? Lallai kin sha barci."

"Ban gane ba."

"Kin ɗauka don ƙauna nake ja miki mayafi a ƙirji duk taro? Hannuna har ya gaji."

"Rufino fa?"

Chayo ta ajiye ludayi. "Kwana tara ya shiga gona aiki ta baya don neman kuɗin magani, lokacin da ɗanki yake tarin nan da ya kusa tafiya da shi. Mai kula da ma'aikata ne ya ba waɗanda suka shiga bajon. Da Rufino ya gan shi a ƙirjinki, kuka ya zo ya yi mana. Muka ce a bar ki."

Eulaliya ta rasa wa za ta yi wa fushi. Can gefe ɗan nata, mai shekara hamsin da bakwai, yana ta fama da kujeru, lafiyarsa ƙalau.

Aka kira sunan Rufino cikin waɗanda suka tsaya har ƙarshe. Chayo ce ta fara tafi.