Yadda Aka Ƙwace Digirin Cleon Battle

Tun Cleon Battle yana ɗan firamare nake yi masa aski. A garinmu Tolliver, cikin gonakin audugar Misisipi ta Amurka, babu wanda bai san ɗan Mama Ozella ba. Kafin ya gama sakandare, sai ya sunkuya yake iya shiga ƙofar shagona. Uwarsa tana aiki a masana'antar gyaran tarwaɗa, hannuwanta duk sun tsattsage saboda ruwan ƙanƙara, shi kuwa kullum yana bayan majami'a yana jefa ƙwallo a wani kwando da ragarsa ta daɗe da zubewa.

Wata rana sai ga Koci Brannock, mai horar da 'yan ƙwallon kwando na wata babbar jami'a a arewa da mu, ya faka doguwar mota a ƙofar gidansu. Ya ci soyayyen kifi da burodin masara har ya nemi ƙari, sannan ya riƙe hannun tsohuwar.

"Mama, ki ba ni yaron nan shekara huɗu, zan dawo miki da shi da digiri a hannu."

Ta ce, "Ni ƙwallon ba ta dame ni ba, Yallaɓai. Takardar nake so."

Cleon ya tafi, ya kuma yi abin da aka kai shi ya yi. A shekararsa ta uku suka ci kofi, garin nan har a majami'a aka buga ƙararrawa. A ta huɗu gwiwarsa ta tashi daga aiki, manyan ƙungiyoyin da ke zawarcinsa suka watse. Amma ya dawo da digirin. Da shi ya samu lasisin koyarwa, ya zama malamin motsa jiki kuma kocin yaran sakandarenmu. Ya auri Renita, ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'yan mata biyu. Yaron da ya yi fashin aji ba ya taɓa ƙwallo a wurinsa, ko ɗan waye. Iyaye sun so shi saboda wannan.

Haka aka yi shekara goma sha wani abu. Ran wata Asabar yana kan kujerata, na yi masa rabin kai, tsoho Purvis da ke wuni a shagon yana tsokanarsa.

"Koci, yaran nan naka jiya kamar an ɗaura musu bulo a ƙafa. Ni da sandata ma na fi su gudu."

"Baba, to ka zo Litinin in ba ka riga mana."

Ana cikin dariya sai talabijin ta nuno shugaban tsohuwar jami'arsa yana karanta sanarwa. Wai bincike ya gano akwai darussan da aka riƙa sa 'yan wasa a ciki shekara da shekaru, waɗanda babu aji, babu malami, sai maki kawai. An soke kofin da suka ci. Za a kuma sake duba digirin mutum talatin da wani abu. Sai hotuna suka fara wucewa, na uku Cleon ne, da rigarsa mai lamba.

Na kashe injin askin. Purvis ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Cleon ya ce, "Roscoe, ƙarasa min askin."

Da jami'ar ta kira shi gaban kwamiti, ni na tuƙa shi, don an ce zai iya zuwa da mutum ɗaya. A hanya na tambaye shi abin da kowa ke tambaya a ɓoye: ya sani ko bai sani ba?

Ya ce, "Na san ban shiga ajin ba. Makon farko na je ofis na ce ina ɗakin darasin yake. Suka yi min dariya, suka ce, 'Kai dogo, ajinka yana filin atisaye.' Na faɗa wa Koci, ya dafa kafaɗata ya ce akwai masu kula da wannan. Shekarata goma sha takwas, Roscoe. Na ɗauka haka ake yi wa kowa."

Ɗakin kwamitin sanyi ƙalau, mutum bakwai a bayan dogon tebur. Shugabarsu, wata farfesa mai furfura, ta tura masa takarda.

"Malam Battle, wannan rubutun da sunanka aka miƙa shi, an kuma ba shi maki mafi girma. Karanta mana farkonsa."

Cleon ya gyara murya ya fara. "Lokacin da nake ɗauke da cikin ɗana na fari, ƙafafuna suka kumbura..."

Ya tsaya. Ya sake duba sunan da ke sama. Wani daga cikinsu ya toshe baki da hannu yana danne dariya. Ashe wata mata ce da aka ɗauka tana taimaka wa 'yan wasa da karatu ta kwaso tsohon rubutunta ta liƙa sunansa. Wani malami ya sa hannu, wani ofis ya buga hatimi, aka yi biki aka ba shi digiri, kuma duk cikinsu babu wanda ya karanta ko layin farko.

Cleon ya ajiye takardar a hankali. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni yau na fara ganin wannan. Amma wanda ya ba shi makin fa? Shi ma zai zo ya karanta muku?"

Ta ce wannan ba ya cikin abin da aka taru a kai yau.

Hukuncin bai daɗe ba. Aka soke digirinsa. Da digiri ya faɗi, lasisin koyarwa ya bi shi, hukumar makarantarmu ta sallame shi ana tsakiyar kakar wasa. Matar da ta yi rubutun aka kore ta. Malamin da ya sa hannu ya yi ritaya da cikakken fanshonsa. Koci Brannock kuwa tuni ya koma wata jami'ar da ta ninka masa albashi. Ya gaya wa 'yan jarida cewa zuciyarsa ta karaya, shi bai taɓa sanin komai ba, yaran ne suka ci amanarsa.

Wannan maganar ce ta kwantar da Mama Ozella. Na je duba ta, na tarar ta sa an sauke digirin daga bangon falo, an jingine shi fuskarsa na kallon bango.

Ta ce, "Mutumin nan a kujerar da kake kai ya zauna, Roscoe. Kifina ya ci. Yanzu ɗana ne maci amana?"



Garin ya rabu biyu. Wasu suka ce an zalunce shi, wasu suka ce ai ba jariri ba ne, wanda bai shiga aji ba ya san bai shiga ba. Abin da ya ba ni mamaki, Cleon da na biyun ya fi yarda. Wani lauya ya zo daga birni yana tara tsofaffin 'yan wasan su yi ƙara, Cleon ya sa hannu, amma ya ce masa, "Kada ka rubuta cewa ni ban da laifi. Ka rubuta cewa ba ni kaɗai ba ne." Har yau shari'ar tana kotu.

Ya yi wata biyu ba ya fita. Renita ce ta gaji, ta tsaya a kansa da kayan aikinta a jiki.

"Baban Tasha, ni ba zan yi jinya a asibiti in dawo gida in tarar da wata ba. Ka tashi."

Ya tashi. Yanzu motar kai abincin kifi yake tuƙawa daga wannan gonar kifi zuwa waccan, da yamma kuma yana zuwa ƙaramar kwalejin da ke garin gaba da mu, inda ya faro daga tushe. Gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin teburin ajin, sai ya zauna a karkace. A ajin akwai yara biyu da shi ya koyar da su, ya hana su ce masa Koci a ciki, sun ƙi ji.

Jarrabawar lissafi ta farko ya faɗi warwas. Ya maimaita, ya haye da ƙyar. A yadda yake ɗaukar darussan, biyu biyu saboda aiki, Tasha babbar 'yarsa za ta riga shi gamawa. An ce masa ko ya gama ba lallai ne a mayar masa da lasisin ba, saboda sunansa yana cikin rahoton binciken. Ya ce ya ji, sannan ya je ya yi rajistar zangon gaba.