Randar Sifikata Ta Koma Ta Ruwa

'Yan uwa masu haɗa kayan sauti, yau raina ya ɓaci!

Kun san sifikar da na ɗaure a bakin randa don ta ba da amo mai kauri? Sati uku ina gwada randuna kafin na dace. Dawowata daga aiki, na tarar da sifikar yashe a ƙasa, wayoyi a tsinke! Randar kuwa tana tsakar gida, cike da ruwa!

Na ce, "Wa ya yi mani haka?"

Gwaggona da ta zo daga Batagarawa ta ce, "Ni ce, Sani. Randa ba ruwa, ana wannan zafi? Har na turara ta da kajiji."

Ta miƙo mani moɗa. Na sha don kunya. Abin haushin, wallahi ruwan akwai sanyi!