Wushiryar Inna

Jiya a kasuwar Ƙaura na sayi ƙuli-ƙuli, aka ƙunshe mini a tsohuwar takarda mai hoton wata Ba'indiya tana rawa. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Kawu tela ne a bakin tasha, kuma bai taɓa shiga silima ba. Amma duk ranar da jirgin ƙasa ya kawo sabon fim, sai ya je wurin mai silima ya roƙi takardun tallan da kamfani ke haɗowa da shi, na raye-raye da na ban dariya. Yakan miƙar da su da dutsen guga mai ɗumi, ya jera a adaka. Har yau ina jin ƙamshin gawayi da kafur.

Bayan rasuwar matarsa Inna, na kai masa fura wata la'asar, na tarar ya baje takardun a tabarma, shi kaɗai. Ya miƙo mini ɗaya, wata mace tana dariya.

"Ɗiyata, dubi wagga. Ba wushiryar Innarki ba ce?"

Ba su yi kama ba. Amma Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Na ce, "Ita ce sak, Kawu."

Ya ce, "Ke kaɗai ke gani."

Ina gidan aure a Shinkafi ya rasu. Kafin in iso, an kwashe takardun an ba masu tsire.

Jiya na warware ƙunshin nan a tsaye, na duba bakin matar. A rufe yake.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sada ka da fuskar da ka yi ta nema a takarda.